Kundin aikin ƙamus: yadda Turanci da Fotugis ke cewa zamani ya wuce wani tunani

12 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin ɗan ƙaramin ƙamus ɗin da na sa a gaba yake tafiya, saboda na lura cewa hukuncin da mai fassara ya yanke a kan kalma, idan bai rubuta dalilinsa a ranar ba, bayan mako biyu sai ya nemi dalilin ya rasa. Ƙamus ɗin zai tattara kalmomi da salon magana da masu Turanci da masu harshen Fotugis ke amfani da su idan suna son su ce tunanin wani mutum, ko na wata hukuma, ko na al'umma baki ɗaya, zamani ya bar shi a baya, sannan a yi bayanin kowanne da Hausa.

Asalin aikin wani gyara ne da aka yi mini a watan Nuwamban bara. An ba ni wata maƙala ta Turanci a kan yadda malaman gona ke hulɗa da ƙananan manoma, aka ce in mayar da ita Hausa da Fotugis, kuma a cikin takenta akwai kalmomin "obsolete thinking". Ban yi wata-wata ba na rubuta "pensamento obsoleto", tun da kalmomin biyu kamar an tsaga kara suke. Wanda ya duba aikin, wani abokin aikinmu ɗan Mozambik, ya ja layi a kan abin da na rubuta, ya sa "mentalidade ultrapassada", sannan ya rubuta a gefe cewa nawa ba kuskure ba ne a nahawu, sai dai kunnensa ya ji kamar ana maganar tsohuwar tafireta da aka jefa a sito. Na karɓi gyaran, amma ya tsaya mini a rai, domin na fahimci cewa ban taɓa zama na bambance waɗannan kalmomi ba ko a Turancin da nake ganin na iya. Daga nan na sayi katuna, na ware kati guda ga kowace kalma: asalinta a sama, jimlolin da na tsinto a jaridu a tsakiya, fassarar Hausa da fensir a ƙasa domin a iya gogewa. Yau katunan sun kai 31.

19 ga Janairu

Na kwashe makon nan a kan "obsolete" da "obsoleto". Duka biyun daga harshen Latin suke, daga aikatau "obsolescere" mai nufin abu ya ƙoƙe, ya fita daga amfani, kuma kalmar ta shiga Turanci tun ƙarni na 16. A harsunan biyu gidanta na asali shi ne kayan aiki, da makamai, da dokoki, da kalmomin da aka daina faɗa. Babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ma wata 'yar alama mai siffar wuƙa yake sawa a gaban kalmar da ta mutu. Haka nan dabarar da masana'antu ke yi ta ƙera kaya yadda za su lalace da wuri domin a sayi sabo, sunanta a harsunan biyu daga wannan tushe ya fito, "planned obsolescence" a Turanci, "obsolescência programada" a Fotugis. Abin da na gano shi ne, Turanci ya fi sakin jiki wajen ɗauko wannan kalma daga kan inji ya ɗora ta a kan tunani, har ta zama ruwan dare a bakin masu rubutu kan kasuwanci da mulki. Fotugis yana yin hakan shi ma, amma kalmar tana fitowa da sanyi, da ƙamshin littafi, kamar hukuncin injiniya. Mai jin haushi ba ita zai fara ɗauka ba.

Akwai kuma wani bambanci a cikin Turancin kansa da ya kamata ƙamus ɗin ya fito da shi. Abin da aka kira "obsolete" an riga an sami wanda ya maye gurbinsa, ba a kuma bukatarsa. Abin da aka kira "outdated" kuwa yana iya gyaruwa idan aka sabunta shi, kamar taswirar gari da aka buga kafin a yanka sababbin unguwanni. Takwaran wannan na biyu a Fotugis shi ne "desatualizado", kuma a nan akwai tarkon da ke kama ɗalibai: "atual" a Fotugis na nufin na yanzu, na wannan lokaci, ba ya nufin na haƙiƙa kamar "actual" ta Turanci. Mutumin da aka ce ya zama "desatualizado" labari ne ya wuce shi, bai karanta abin da ya fito kwanan nan ba. Ba a ce ƙwaƙwalwarsa ta daskare ba. Zargi ne mai sauƙi, wanda za a iya yi wa babban likita a taro ba tare da an ɓata ba. A katinsa na rubuta "bai da labarin abin da ake ciki", kuma ina ganin zai zauna haka.

2 ga Fabrairu

Yanzu na gane abin da abokin aikin nan ya ji. "Ultrapassar" aikatau ne na kan titi: shi ne mota ta sha gaban wata mota, kuma alamar hanya da ke hana direba yin hakan da wannan kalmar ake karanta ta. Saboda haka tunanin da aka kira "ultrapassado" tunani ne da ke kan hanya yana tafiyarsa, aka zo aka wuce shi aka bar shi da ƙura. Hoton yana da rai, kuma kowa ya san shi, daga farfesa har ɗan tasha. Ita ce kalmar da na fi cin karo da ita a jaridun Brazil da na Fotugal duk inda ake sukar ra'ayi, kuma ita ce ta fi kusa da maganarmu ta "an bar shi a baya" ko "zamani ya wuce shi". Turanci yana da "overtaken", amma yawanci sai an haɗa ta da wani abu, a ce al'amura sun sha gaban shiri. Mafi kusa a ma'ana shi ne "behind the times".

Rabin matsalar kuma ba a sifa take ba, a sunan take. Kalmar "thinking" ta Turanci jaka ce mai faɗi, tana ɗaukar aikin tunani, da ra'ayin da aka kai gare shi, da ɗabi'ar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Fotugis yana rarraba su. "Pensamento" ya fi karkata ga tsararren tunani irin na masana da mazhabobin falsafa. "Ideias" ra'ayoyi ne ɗaya bayan ɗaya. "Raciocínio" shi ne yadda aka jera hujja har aka kai ga sakamako. "Mentalidade" kuwa ita ce halayyar tunani da ta zauna a cikin mutane, wadda ba su ma san suna ɗauke da ita ba. Maƙalar da na fassara tana magana ne a kan ma'aikatan da suka ɗauka cewa manomi bai san komai ba sai abin da aka zo aka gaya masa, wannan kuwa "mentalidade" ce tsantsa. Na ƙara wa kowane kati layi guda da ke nuna sunayen da sifar ke yawan bi. Dole kuma sifar ta dace da jinsin sunan da adadinsa, "pensamento ultrapassado", "mentalidade ultrapassada", "ideias ultrapassadas", abin da ba zai ba Bahaushe wahala ba, tun da mu ma muna da tsoho da tsohuwa da tsofaffi.

Wani abin da Turanci ba ya nunawa shi ne zaɓin da Fotugis ke tilasta wa mai magana tsakanin aikatau biyu, "ser" da "estar". Idan aka ce ra'ayi "está ultrapassado", an nuna halin da ya wayi gari a ciki, wato a da yana da amfani, yanzu lokaci ya juya. Idan aka ce "é antiquado", an mayar da tsufan ya zama ɗabi'arsa. Bambancin ya yi kama da wanda ke tsakanin "ya zama tsohon yayi" da "tsohon yayi ne", kuma mai fassarar da ke fitowa daga "is" ta Turanci sai ya yanke wa marubucin hukuncin da shi marubucin bai yanke ba.

9 ga Fabrairu

Aikin yau na rubutu ne kawai. Yarjejeniyar daidaita rubutun Fotugis ta 1990 ta sa Fotugal ta zubar da baƙaƙen da ba a furtawa, "desactualizado" ta koma "desatualizado", "reaccionário" ta koma "reacionário", ita kuma Brazil ta cire alamar da ke kan "idéia" ta koma "ideia". Angola ba ta rattaba amincewar ƙarshe a kan yarjejeniyar ba, kuma har yanzu akwai marubuta a Fotugal da ke bin tsohon rubutu da gangan. Na yanke shawarar sa sabon rubutu a kan kati, tsohon kuma a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe.

23 ga Fabrairu

Ɓangaren Hausa ya fi ba ni wahala fiye da yadda na zata, don haka jiya bayan la'asar na ɗauki katunan na je wurin wani dattijo da ya daɗe yana fassarar labarai a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Na same shi a zaure, ya sa tabarau, ya riƙa ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya yana karanta abin da na rubuta da fensir. Da ya zo kan wanda na sa "tsohon tunani" sai ya ajiye shi gefe.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai gyara ne?"

Ya ce, "Ɗana, idan ka ce wa Bahaushe tsohon tunani, zai ce maka to sai me? Ai da tsohuwar zuma ake magani. Ba ka zagi tunanin ba tukuna, ka dai faɗi shekarunsa."

Maganar tasa ta warware mini abin da ya ɗaure mini kai. A wurinmu tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne. Tsohon hannu yabo ne, kuma "mazan jiya", da 'yan jarida suka ara suka sa wa masu ra'ayin riƙau, asalinsa kirari ne na jarumai. Kafin zargi ya fito sai an shigo da yayi, a ce tsohon yayi, ko an daina yayinsa, domin yayi ne ke zuwa ya wuce. Malam ya ba ni "ya yi kwantai", wadda ake faɗa wa hajar da ta kwana ba a saya ba, ya ce ita ce za ta ɗauki ra'ayin da har yanzu ake tallarsa amma babu mai taya. Ya kuma ja kunnena game da "ƙauyanci" da "gidadanci", ya ce waɗannan zagin mutum ne da inda ya fito, kuma duk mai fassarar da ya sa su a madadin "outdated" ya ƙara wa marubuci raini da bai yi ba.

Da na dawo gida na duba yadda harsunan biyu ke yi da tsufa, sai na ga su ma ba kai tsaye suke zarginsa ba. "Old-fashioned" a Turanci tana iya zama yabo idan ana maganar ladabi ko girki, "old school" kuwa sau da yawa girmamawa ce. A Fotugis wurin da sifa ta zauna yana sauya ma'ana: "um velho amigo" aboki ne na tun da daɗewa, "um amigo velho" aboki ne da ya tsufa. Don haka "velhas ideias" na iya nufin ra'ayoyin da aka saba ji, alhali "ideias velhas" ta fi nuna cewa sun gaji. Na buɗe sabon rukuni na kalmomin da ke da fuska biyu, na sa musu jan ɗigo a kusurwa.

6 ga Afrilu

Azumi da hidimar salla sun sa aikin ya tsaya fiye da wata guda. Na dawo ta kan rukunin da ya fi ba ni nishaɗi, wato kalmomin da ke zargin tunani ta hanyar hanci. Fotugis, musamman na Fotugal, yana da arziki a nan: "ideias bafientas" ra'ayoyi ne masu warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, "cheira a mofo" na nufin abu yana warin funfuna, "rançoso" kuwa man da ya daɗe ne har ya canja ɗanɗano. Wadda ta fi burge ni ita ce "cheira a naftalina", wato yana warin kafur. Ana gobe salla na buɗe adakar mahaifiyata domin in ɗauko mata wani zane, warin kafur ya buge ni, na ga zannuwan a ninke tsaf, ba asu ba tabo, kowanne da sauran ƙarfinsa, sai dai babu wata yarinya a gidan da za ta yarda ta ɗaura ɗaya daga cikinsu ta fita. Ma'anar maganar ke nan daidai: ra'ayin bai ruɓe ba, an adana shi da kyau, an fito da shi ne a ranar da ba tasa ba. Turanci yana da "musty" da "stale", yana kuma da "mothballed", wato abin da aka adana da ƙwayar kafur, amma wannan ta ƙarshe ta fi nufin shiri ko masana'antar da aka jingine, don haka ba za ta zama fassarar waccan ba duk da kafur ɗin da ke cikinsu duka.

Turanci shi kuma ya fi ɗauko hotonsa daga kanti da kuma daga dabba. "Past its sell-by date" daga kwanan watan da ake bugawa a jikin kayan abinci ta fito, abin da muke cewa ya yi isfaya. "Hidebound" tsohuwar kalmar makiyaya ce, ana faɗinta ga saniyar da ta rame har fatarta ta manne wa haƙarƙari, irin wadda muke gani a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka. Daga nan aka mayar da ita kan mutumin da al'ada ta ɗaure shi tamau ba ya iya motsi. Mafi kusa da ita a Fotugis ita ce "tacanho", mai ƙuntataccen tunani, ko da yake babu saniya a cikinta.

"Caduco" ta ci kati biyu. Asalinta daga Latin ne, abin da ke faɗuwa. Ana faɗinta ga ganyen da ke kaɗewa, da dokar ko takardar da wa'adinta ya ƙare, da kuma tsohon da gigin tsufa ya kama. Idan aka ce ra'ayi "caduco" ne, duka ukun suna amsa amo a kunnen mai sauraro, kuma na rubuta gargaɗi cewa kada a kusantar da ita ga sunan dattijo sai in cin mutunci ake nufi.

Dabbobin da suka ƙare da zamunnan da suka shuɗe ba su ba ni aiki ba, domin harsunan biyu sun yi tarayya a kansu: "dinosaur" da "dinossauro", "fossil" da "fóssil", "medieval" a duka biyun. Na jera su a kati guda na wuce.

25 ga Afrilu

Na zaɓi yau da gangan domin rukunin siyasa, tun da a rana irin ta yau a 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin kama-karya ta Fotugal, wadda António de Oliveira Salazar ya kafa tsarinta a 1933 da sunan Estado Novo. Wannan tarihi ya bar wa harshen kalmomin da babu ƙamus ɗin da zai ba da takwaransu a Turanci. "Salazarento" sifa ce da aka ƙera daga sunan mutumin, da ɗafin nan "-ento" da ke zuwa a kalmomin ƙyama irin su "bafiento", kuma ana jifan duk ra'ayin da ke warin wancan zamani da ita: biyayya ba tambaya, mace a kicin, talaka ya gode da talaucinsa. Haka nan idan ɗan Fotugal ya ce abu na "tempo da outra senhora" ne, wato na zamanin waccan uwargidan, tsohuwar gwamnatin yake nufi ba tare da ya kama suna ba. Mai fassara zuwa Turanci zai iya cewa "reactionary", amma ya zubar da shekara arba'in da ɗoriya na tarihi a hanya.

Brazil tana da nata. Bayan mulkin soja na 1964 zuwa 1985, dokokin da sojoji suka bari aka riƙa kiransu "entulho autoritário", wato baraguzan mulkin danniya, irin tarkacen da ke saura a fili bayan an rushe gini. Kwashe su ya ɗauki lokaci: dokar 'yan jarida ta 1967 sai a 2009 kotun ƙoli ta soke ta, dokar tsaron ƙasa ta 1983 kuwa sai a 2021 aka shafe ta. Hoton baraguzai ya faɗi abin da "obsolete" ba ta faɗa ba, cewa abin da zamani ya wuce yana iya ci gaba da tare hanya.

Abokin aikin nan ɗan Mozambik ya tuna mini da "obscurantismo", wadda fassararta ta fi kowace sauƙi domin "duhun kai" ta zauna mata daram. Bayan samun 'yancin kai a 1975, jam'iyyar Frelimo ƙarƙashin Samora Machel ta sa gaba wajen gina abin da ta kira "homem novo", sabon mutum, kuma a ƙarƙashin kalmar duhun kai aka haɗa bokaye da al'adu da dama, aka kuma tuɓe sarakunan gargajiya da ake kira "régulos" bisa zargin sun yi wa 'yan mulkin mallaka aiki. A shekarar 2000 gwamnatin jam'iyyar nan dai ta fitar da doka da ta sake amincewa da shugabannin gargajiya a matsayin hukumomin al'umma. Na rubuta wannan a bayan katin, domin mai amfani da ƙamus ɗin ya san nauyin da kalmar ke ɗauke da shi a Maputo ya bambanta da wanda take da shi a Lisbon.

Turanci ma haka yake da nasa tarihin. "Victorian", daga Sarauniya Victoria da ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, na nufin tsaurin ɗabi'a da ya wuce kima, kuma idan aka juya ta zuwa "vitoriano" mai karatu a São Paulo zai ɗauka tarihin Ingila ake ba shi. "Puritano" ko "moralista" ne za su yi aikin. "Luddite" kuwa, da ake kiran mai ƙin sabuwar fasaha da ita, sunan masaƙan Ingila ne da suka riƙa farfasa injina tsakanin 1811 da 1816, har majalisa ta yi doka a 1812 da ta sa hukuncin kisa a kan fasa injin saƙa. Mutanen nan ƙwararru ne a sana'arsu, kuma rigimarsu a kan lada ce da ingancin kaya, amma waɗanda suka yi galaba a kansu ne suka yanke abin da sunansu zai riƙa nufi.

11 ga Mayu

Kati mafi tsawo a ƙamus ɗin zai zama na "Velho do Restelo", wato Tsohon Restelo. Ya fito ne daga Os Lusíadas, doguwar waƙar Luís de Camões da aka buga a 1572. A ƙarshen babi na huɗu, lokacin da jiragen Vasco da Gama ke shirin barin gaɓar Restelo a Lisbon a 1497 domin neman hanyar Indiya, wani dattijo mai kwarjini ya ɗaga murya daga cikin taro ya la'anci kwaɗayin suna da son mulki da ke tura mutane cikin teku, ya yi gargaɗin mace-mace da gidajen da za su zama kango. A Fotugal ta yau, duk wanda ya yi adawa da sabon shiri, ko babbar gada ce ko filin jirgin sama, sai a ce masa Tsohon Restelo, ma'ana mai baƙin baki da ke tsoron ci gaba.

Na fara sa masa "Colonel Blimp" a matsayin takwara, wato kanar ɗin nan mai ƙaton ciki da mai zanen barkwanci David Low ya ƙirƙiro a 1934 domin yi wa masu ra'ayin riƙau na Ingila shaguɓe, amma daga baya na goge. Kanar ɗin abin dariya ne tun daga ranar da aka zana shi. Shi kuwa dattijon Camões an ba shi baitoci masu nauyi, kuma babu inda mawaƙin ya mayar da shi wawa. Wanda ya karanta tarihin gaɓar gabashin Afirka, ya san cewa a 1505, shekara takwas kacal bayan tashin waɗannan jirage, rundunar Francisco de Almeida ta afka wa Kilwa da Mombasa, zai yi wuya ya ce tsohon nan shirme yake yi. A ganina wannan kati ne ya fi nuna abin da ke ƙarƙashin rukunin gaba ɗaya: wanda ya kira tunani "ultrapassado" ya riga ya yanke cewa ya san inda hanya ta nufa da wanda ke gaba a kanta, kuma mai fassara yana bukatar ya san ko marubucin ya kawo hujja ne ko kuwa ya nuna kalanda kawai. A ƙasan katin na rubuta fassara biyu, "mai hana ruwa gudu" ga yadda ake amfani da sunan yau, da kuma bayanin cewa a cikin waƙar ya fi kama da babban da ya hango abin da yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kusa da shi na ajiye "passadista", mai riƙo da abin da ya wuce, wadda matasan marubuta da masu zane na Brazil suka riƙa jifan magabatansu da ita a zamanin Makon Fasahar Zamani da aka yi a São Paulo a watan Fabrairun 1922, da kuma "saudosista", mai begen jiya. Ta biyun ta fi taushi, domin daga "saudade" take, kalmar kewa da masu harshen ke alfahari da ita.

18 ga Mayu

Katuna sun kai 74, kuma na fara shigar da su kwamfuta. Saura rukunin maganganun raha, wanda na tattara amma ban tace ba. Daga Fotugal akwai "bota de elástico", takalmi mai roba a gefe irin na mutanen da, wanda ya zama sunan mutumin da ya ƙi sauyawa, da kuma "do tempo da Maria Cachucha" ga abin da ya tsufa tukuf. Daga Brazil akwai "careta" da "quadrado", waɗanda suka yi daidai da "square" ta Turanci a bakin matasa, wato mutumin da ba ya tafiya da zamani, sai kuma "do tempo do onça", wato tun zamanin "onça", ga abin da ya daɗe ƙwarai. Wannan ta ƙarshe tana da ɗan abin lura a nahawu: "onça", damisar Amurka ta Kudu, kalma ce ta mace, amma a maganar an sa mata "do" na namiji, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne laƙabi ne na Luís Vahia Monteiro, gwamnan Rio de Janeiro daga 1725 zuwa 1732. A Hausa na sa mata "tun zamanin sisi da taro" da fensir, tun da kuɗin nan sun fita daga hannu bayan shigowar naira da kwabo a 1973, amma ina so in ji ko 'yan ƙasa da shekara talatin suna gane maganar, kuma masu karatu a Nijar da ba su yi amfani da waɗannan kuɗi ba za su bukaci wata dabam. Ranar Asabar zan mayar wa Malam katunan jan ɗigo guda goma sha ɗaya, tare da na "caduco", wanda ya ce in kawo masa ya gani da idonsa kafin in buga.